Na Kai Kifi Garin Masunta

Tun da na dawo daga ƙasar Haɗeja ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a fada, majalisarmu ta shayi, sai wani ya gyara zama ya ce, "Lawali, ba mu labarin kihin nan." Na bayar har bakina ya gaji, kuma labarin ya fara yin rassa a bakin mutane: akwai mai cewa Legas na je, akwai mai cewa an tsare ni a kan iyaka kwana biyu. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, wanda ya ƙara tambayata in miƙa masa takarda.

Ƙauyenmu yana arewa da Maijirgi. Gero da gujiya muka gada, kifi kuwa sai busasshe a kasuwa. Amma muna da tabki babba mai riƙe ruwa tun daga damina har bazara ta yi nisa, kuma shekara uku ke nan da muka fara zuba masa 'ya'yan kifi. Ni na matsa aka fara, ni ke zuwa sayo su. Kula da tabkin kuwa gadon gidan Baba Ɗan Ladi ne, wanda muke kira Sarkin Ruwa ko da yake bai taɓa sa ƙafa a kwalekwale ba. Dokarsa ɗaya ce: in an zuba kifi, tabki ya rufu, ba mai jefa ko zare sai ranar da ya buɗe shi bayan sanyi. A ranar ne kowane gida ke samun rabonsa, a ci, a busar, a ga bayan rani da shi.

Bara na sayo 'ya'yan karfasa da na tarwaɗa wajen wani sabon mutum da ya ce daga fadamar Haɗeja ya ɗebo su. Ana gama ɗaurin gero, mata masu wanki suka fara cewa akwai wani abu mai walƙiya a ruwa. Baba ya ba da izini aka ja tsohon gidan sauro a gefe, aka fito da guda uku. Tsawonsu bai wuce tafin hannu ba, sirara kamar wuƙa, farare fat kamar sabon kwano, ido ƙato, ƙasan wutsiya ja. Duk garin ba wanda ya taɓa ganin irinsu da rai.

Harisu, wanda muke ce wa Na-Cadi saboda ya yi rani biyu yana lodin kifi a bakin tabkin Cadi, ya duba ya girgiza kai.

"Wanga tsage ne. Na san shi. In ya girma ba ya barin komi cikin ruwa. Kahin sanyi ya wuce ya lamushe karhwasar nan duka."

Mushe Sani, malamin makarantar bokon garinmu, ya ɗauki hoton kifin da wayarsa ta salula, ya tambaye ta. Salula ta ce wannan kifin kogunan Amurka ne, Turawan can suna ce masa mai idon wata, ƙwari yake ci, kuma haƙora gare shi a kan harshe. Nan fa gari ya rikice. Masu cewa tsage suna gefe, masu tambayar yadda kifin Amurka ya biyo hanyar Maijirgi suna gefe, kuma dukansu ni suke kallo.

Aka yi taro a ƙofar gidan Baba. Mafi yawa suka ce a aro babban taru a kwashe tabkin gaba ɗaya tun yanzu, a ci abin da aka samu kafin tsage ya riga mu. Ni kuwa na san abin da ke cikin ruwan nan. Karfasar ba ta kai faɗin yatsa uku ba, in an kwashe ta yanzu ko miyar mako biyu ba za ta yi ba, kuma ba wanda zai ƙara yarda a zuba kifi a garin nan. Raina ya ɓaci, na yi magana fiye da yadda ya kamata a gaban manya. Baba ya bar ni na gama, sannan ya ce:

"Kai ka kawo su, kai za ka tahi inda anka ɗebo su ka tambayo. Yau Asabar. Ran Juma'a in an sauko masallaci za a ja taru, ko kana nan ko ba ka nan."

Mushe ya zana mini kifin Amurkan a takardar littafin rubutu da fensir, yana kallon salula yana kwafa, don tawa salular ba ta hoto. Mutumin da ya sayar mini da kifin kuwa na kira lambarsa har na gaji, ba ta shiga.

Ran Lahadi da safe na hau amalanken jaki zuwa Maijirgi, kifayena uku suna iyo a cikin bido, wato jarka, da na yanke wa baki. Na zauna bakin gudoro, hanyar kwalta, har motar Tasawa mai zuwa Damagaram ta zo. Direba ya ga bido ya ɗauka asansi ne, man fetur, zai hana ni shiga, da ya leƙa ya ga kifi sai ya ce in rungume abina kada in jiƙa masa fasinja. Haka na rungume shi kamar jinjiri. Kafin mu kai Takeita ruwan ya yi zafi, dukansu uku sun juya ciki sama.

Na sauka a mararrabar Takeita. Wata dattijuwa Buzuwa mai tallan gishiri da kanwa ta gan ni tsaye ina kallon cikin bido, ta tambaye ni wa ya mutu. Na gaya mata. Ba ta yi dariya ba, kuma ita kaɗai ce ba ta yi ba a ranar. Ta ce ita ba ta cin kifi, ba ta ma son warinsa, amma ta san nama. Ta sa na zubar da ruwan, ta barbaɗe su da gishiri ciki da waje da bakin ludayi don kada ta taɓa, ta naɗe su a tsumma, ta ƙi karɓar komai. Ban tambayi sunanta ba, abin yana damuna har yau.

Daga nan sai Matamai, sai iyaka. A ɓangarenmu aka duba katin ɗan ƙasa aka ce in wuce. A Kongolam wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, na Najeriya ya ce in buɗe ƙunshi. Ya duba, ya dube ni.

"Ina za ka da wannan?"

Na ce Haɗeja.

"Haɗeja za ka kai kifi? Guda uku?"

Ya kira abokan aikinsa su zo su ga mutumin Faransa da zai kai wa Haɗejawa kifi. Haka suke kiranmu a can, mutanen Faransa, kamar yadda tsofaffinmu ke ce musu mutanen Ingila. Suka yi ta dariya har da riƙe ciki, fasinjojin motarmu ma suka taya su. Amma ba su wahalar da ni ba, shi wancan ɗin ma shi ya gaya mini in kwana Daura in bi motar Gumel da safe.

A Daura na sauka a zauren wani mai sayar da buhuna, ɗan asalin wajen Mayahi, wanda direba ya haɗa ni da shi. Da ya ji bakina ya ce ai gida na zo. Aka kawo tuwon masara da miyar kuka mai manja, ni da na saba da tuwon gero na ci ina jin kamar ban ci ba, sai da ya aika aka damo mini fura sannan cikina ya yarda an yi abinci. Kafin magariba na kai kifayen wajen wata mai suya a bakin tasha. Ta juya su ta ce ita tarwaɗa ta sani da kifin ƙanƙara, wannan in kai wa masu ruwa. Masu jiran suya suka ji inda na fito da inda za ni, aka sake sabuwar dariya. Daga nan na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara kwance ƙunshin nan a bainar jama'a ba, sai a gaban dattijo, a zaune.

Da gari ya waye na tarar an ja tsumman zuwa bakin ƙofa, kifi ya koma biyu. Mussar gidan tana kan katanga tana lasar hannu. Mai masaukina ya yi ta ba ni haƙuri yana cewa ba halinta ba ne. Na ce ba komai, amma da ba a gidan mutane nake ba da ni da ita ne.

Hanyar Gumel ba abin da zan ce a kanta sai yawan tsayawa. Abin da ya ba ni mamaki bayan mun wuce Gumel shi ne ƙasa ta fara yin kore alhali damina ta wuce, shinkafa ko'ina, ruwa kwance a gefen hanya ba mai ko kallonsa. A garinmu ruwa kamar wannan da an yi masa sarki.

A motar nan na zauna kusa da wani mutum mai faɗin ƙirji da ya ɗora damin zaren taru a cinya. Sunansa Malam Buba, masunci ne, ƙauyensu yana gab da Haɗeja a bakin ruwa. Muka gaisa, ya tambayi inda za ni, na ce wajen masunta, ina da 'yar magana. Ya ce to ai na iso, in sauka tare da shi. Ban faɗi maganar ba, shi ma bai tambaya ba.

Nan ne na yi kuskuren da sai ɗan garinmu zai yi shi. Mu a wajenmu baƙo ba ya sauka da buƙatarsa a baki. Sai ya gaisa, ya sha ruwa, ya yi salla, ya ci abincin gidan, sannan mai gida ya ce, to, lafiya dai? Wanda ya faɗi abin da ya kawo shi tun yana tsaye, ana cewa ba shi da tarbiyya. Don haka da muka isa bayan la'asar aka karɓi jakata aka shiga da ita ciki, na zauna a zaure na kama gaisuwa da masu shigowa, kowa sai ya tambayi mutanen Faransa da damina, ni kuma ina amsawa ina jiran lokacina.

Su kuma ashe tasu al'adar daban. A garin masunta kifi ba ya kwana a ɗaure. Duk kifin da ya shigo gida, na wane ne, daga ina ne, hannun mata yake wucewa nan take, ko wuta ko tukunya.

Bayan magariba aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Ban taɓa cin miya irin wannan ba, kifi ya fi ruwan miyar yawa. Na ci wani ƙaton yanki, na ci wani, sannan na ɗauko wani ɗan siriri mai ƙaya da yawa na tsotse shi tas. Na ji gishirinsa ya fi na sauran, ban kawo komai a raina ba. Malam Buba ya ɗauko irinsa daga nasa gefen, ya ce:

"Iya ta ce a yi maka godiyar tsaraba. Ta ce ashe kifin Faransa da gishirinsa yake zuwa."

Sai a lokacin na gane abin da na tsotse. Na ga ya raba kifin biyu, ya cinye jikin, ya ɗaga kan zai kai baki. Ban san lokacin da na kama wuyan hannunsa ba. Ni, baƙo, a kwanon mai gida.

Ya tsaya yana kallona, kan kifi a tsakanin yatsunsa, miya tana ɗiga. Kunya ta rufe ni, amma ban saki ba sai da na zayyana masa komai, tun daga matan wanki har Juma'ar Baba. Ina gamawa ya ajiye kan kifin a murfin kwano a hankali, ya yi ƙoƙarin daurewa, ya kasa, ya yi dariya har da hawaye.

"Malam Lawali, tun Gumel muke tare cinya da cinya. Me ya hana ka faɗa?"

Na ce ai ban ci abincin gidansa ba tukuna. Ya ce to yanzu ai na ci, har da nawa.

Ya shiga ciki ya fito da mahaifiyarsa, Iya Hauwa, wadda ta yi shekaru tana bandar kifi har idanunta sun yi ja da hayaƙi. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai saurin magana. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta ƙare mini kallo.

"Ɗan nan, na ji kifi yana neman lalacewa a cikin kayan baƙo, in bar shi? Da ka yi magana ai da tuni ka huta. Shemani ne. Tun ina wanke shi na san shemani ne."

Na ce, "Iya, a garinmu an ce tsage ne."

"Wanda ya ce tsage bai yi hauka ba. Suna ƙanana kama suke yi, har jan wutsiyar. Kawo kan nan."

Ta ɗauraye shi a ruwan wanke hannu, ta buɗe bakin da farce, ta sa na shafa da yatsa. Na ji 'yan haƙora gajeru masu faɗi, a jere, kamar turamen ɗan akuya. Ta ce wannan bakin mai cin ƙwari ne da 'ya'yan ciyawa, ba ruwansa da karfasa. Na fito da takardar Mushe na nuna mata kifin Amurka. Ta kai ta kusa da fitila ta daɗe tana dubawa, ta ce wanda ya zana ya iya zane, amma wannan ba na ruwanmu ba ne: ƙayar bayansa ta koma can kusa da wutsiya, kuma ba shi da ɗan tsiron naman nan da shemani da tsage suke da shi a bayan ƙaya. Ta ce idon ne kawai ya ruɗi salular, ita ma da ido kaɗai take dubawa da ta ruɗe. Sai ta tambaye ni ko da gaske a harshe haƙoransa suke. Na ce haka aka ce. Ta ce Allah mai iko, ta roƙi in bar mata takardar.

Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Na fara godiya ina cewa gobe da asuba zan kama hanya. Ta katse ni.

"Ka koma ka ce musu me? Wata tsohuwa ta ce? Kai da ka kasa gane kifinka a cikin miya? Gobe ba inda za ka."

Washegari ta tasa ni gaba zuwa bakin ruwa. A nan na ga abin da in na faɗa a fada ake cewa na ƙara gishiri: mutum ya kwanta rub da ciki a kan ƙatuwar gora, yana tuƙi da hannu da ƙafa, yana bin tarunsa, kifin da ya cire ya jefa cikin gorar da yake kai. Malam Buba ya ce in gwada. Na ce ni a kan jaki aka haife ni, na gode.

Iya ta sa aka juye mata kwandon ƙananan fararen kifi a kan tabarma, ta ce in raba, shemani dama, tsage hagu. Na raba da ido, ina jin kaina. Ta duba ta mayar da kusan rabi. Ta ce ido na ƙarya, in buɗe baki. Ta nuna mini yadda ake matsa kumatun da yatsa biyu baki ya buɗe. Na tsage ko yana ɗan mitsitsi haƙoransa tsini ne, a warwatse, na sama na shiga tsakanin na ƙasa, kuma in an karkata shi a rana ana ganin layuka siri-siri a jikinsa. Na shemani jikinsa wankakke ne. Na raba, ta hautsina, na sake rabawa, ta sake hautsinawa. Matan da ke fawar kifi a gefe suna ta tsokanata wai Iya ta samu ɗalibi mai furfura. Raina ya so ɓaci, na tuna abin da ya kawo ni na haɗiye. Sai da rana ta take tsaka na raba kwando guda ba ta mayar da ko ɗaya ba.

Muna komawa gida ta gaya mini maganar da ta rage mini murna. Ta ce biyun da na kawo shemani ne, wannan ba shakka. Amma a ruwa inda shemani ya bi, tsage na binsa, kuma mai ɗibar 'ya'yan kifi da taru ba ya tantancewa. Kada in je in rantse wa mutane cewa babu shi.

Na ce, "To Iya, in akwai shi fa? Ke nan a kwashe tabkin?"

"A kwashe tabki saboda tsage? Ku mutanen tudu akwai ɓarna. Kwaɗayinsa ne maganinsa. Ƙugiya za ka sa da ɗan kifi mai rai, da sassafe. Karfasa ba ta kula ta. Tarwaɗa in ta kama ka cire ka mayar. Shi kuwa ba ya iya wucewa."

Ta sa Malam Buba ya nuna mini yadda ake ɗaura ƙugiyar da siririyar wayar birkin keke, don tsage na datse zare. Ya ba ni ƙugiyoyi goma sha biyu a cikin gwangwanin madara. Na kawo abin da zan ba su, Iya ta ce in mayar aljihu kafin ranta ya ɓaci, ai na riga na kawo tsaraba.

Ran Laraba na kamo hanya. Motar ta lalace tsakanin Gumel da Daura muka yini a gindin bishiya, na sake kwana a zauren mai buhuna, ni da mussa ba mai kallon wani. Ran Alhamis na tsallaka iyaka, ma'aikacin nan ya gane ni ya tambaya ko Haɗejawa sun ji daɗin kifin, na ce sun cinye shi tas. Ban samu motar Maijirgi ba sai da yamma, na kwana can, ran Juma'a na biyo amalanken masu dawowa daga niƙa. Ana sallame salla na isa.

Na tarar an shimfiɗa babban tarun a bakin tabki, samari sun naɗe wanduna. Baba yana zaune a kan buzunsa. Na gaishe shi, wannan karon ban jira an ce lafiya ba. Na ce sunan kifin shemani, ba ya cin kifi, kuma ba daga Amurka ya zo ba. Mushe ya ce alhamdu lillahi, dama shi bai yarda da salular ba sosai, alhali shi ya fi kowa yaɗa maganar. Na-Cadi ya ce:

"Ina shaida? Ina kihin da ka tahi da su?"

Na ce mussa ta ci ɗaya, ni na ci ɗaya, mai masaukina ya ci ɗaya. Sai da aka daɗe kafin dariya ta lafa. Na roƙi Baba a ja gidan sauro a gefe kamar wancan karon. Aka ja sau uku aka samu farare guda tara a cikin bokiti. Na ɗauki na farko na matsa kumatunsa, na zagaya da shi kowa ya ga haƙoran, na sa ɗan yatsana a bakin na bar shi. Ba abin da ya faru. Na biyu haka, na uku haka. Na ga samari sun fara sauke ƙafar wando.

Na bakwai ne na ɗauka na ji jikinsa ya fi ƙarfi. Na karkata shi a rana na ga layukan. Ba wanda ya lura, duk sun koma surutu, wasu ma sun fara tafiya. Ina iya jefa shi bayan bokiti in taka, in bi sauran da ƙugiya a ɓoye, in kwana ina wanda ya yi gaskiya. Wallahi na yi wannan tunanin, ba zan ɓoye ba. Amma ruwan ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma tsohuwar nan ba don in yi ƙarya ta yini a rana tana hautsina mini kwando ba.

Na ce a dakata. Na matsa kumatun, na sa yatsa. Ya datse ni har sai da na ji a ƙwaƙwalwa. Na ɗaga hannun sama jini yana bin gwiwar hannuna, na ce:

"Wanga tsage ne. Na-Cadi bai yi ƙarya ba, akwai shi ciki."

Samari suka koma wajen taru. Na buɗe gwangwanin madara na zube ƙugiyoyin a gaban Baba, na faɗi abin da Iya ta ce, kalma da kalma, har da cewa mu mutanen tudu akwai ɓarna. Na san in ya ce a ja, ba ni da sauran abin cewa.

Baba ya ɗauki ƙugiya ɗaya ya juya ta, ya ja wayar ya ji ƙarfinta. Ya dubi Na-Cadi.

"Harisu, a Cadi haka suke kama shi?"

Na-Cadi ya karɓa ya duba ɗaurin. Ya ce haka ne, ya ga ana yi, shi dai bai taɓa ɗaurawa ba.

Baba ya ce, "Wanda ya nuna muna abin da za shi kashe maganarshi da hannunshi, in ya ce akwai magani, akwai. Ku naɗe tarun nan ku maida ma masu shi. Lawali da Harisu, gobe da sahe ku biyu."

Mako uku muka yi ni da Na-Cadi muna fita da sassafe, ba ma ko gaisuwar kirki da farko, daga baya har shayi yake zuwa da shi. Tsage biyar muka cire, daga nan ƙugiya ta daina kamawa. Bayan sanyi Baba ya buɗe tabki, karfasa ta fito kamar tafin hannun babban mutum, har gidajen da suka fi kowa cewa a kwashe sai da suka shanya a kan rufin ɗaki.

To, kun ji yadda aka yi. Ban je Legas ba, ba a tsare ni ba. Wata Buzuwa ta ba ni gishiri, wani mutumin Mayahi ya ba ni zaure, Malam Buba ya ba ni ƙugiya, Iya Hauwa ta ba ni yininta guda, kuma ba ɗayansu da ya san ko sunan ƙauyenmu. Duk wanda ya sa kifin tabkin nan a bakinsa bara, in ya ɗaga hannu bayan salla, ya sa da su.